Yadi, gawayi, taki ko ruwa: wace matatar iska ce za ta jure aiki daga Garwa zuwa Injamena?

Mai injin niƙa a Yelwa ta Garwa, mai ɓare gyaɗa a Gidar, mai fentin mota a Kusiri da majemin Marwa, duk kukansu ɗaya: iskar wurin aiki ta ɓaci, yaran shago suna tari, maƙwabta sun fara kai ƙara wurin lawani. Amma abin da ya ɓata wa kowannensu iska daban ne. Na mai niƙa da mai gyaɗa ƙura ce, wato abu mai jiki da za a iya tarewa da yadi. Na mai fenti tururin tina ne, wanda zai ratsa kowane irin yadi ya wuce abinsa. Na majemi kuwa wari ne na ruɓewa. Akwai na huɗu, hayaƙi mai yaji da ke fitowa daga ƙona baƙin mai ko narka ƙarfe. Yawancin kuɗin da ake asara a wannan harka a nan ake asararsu, mutum ya sayi maganin ɗaya ya ɗora wa ɗayan.

Yanzu dillalai suna ta tallar kayan tacewa da aka yi da ɓawon kwakwa, da auduga, da takin itace, suna cewa su ne ba sa cutar da muhalli. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai kafin a duba takardar kaya, a duba ƙasar da za a girka su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana kwaso farar ƙura daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, wurin da ya fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. A Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Yuli da Agusta kuma laima ce ta cika iska. Wutar arewacin Kamaru ta daɗe tana dogara da madatsar Lagdo, mai megawat 72, kuma in ruwa ya ja baya kowa ya san abin da ke biyowa. Kayan gyara sai sun sauka Duwala, su hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, sannan su bi mota. Matatar da za ta mutu cikin wata shida ta koma bola ba ta yi wa muhalli wani alheri ba, ko da da me aka yi ta.

Mu fara da ƙura, don ita ce matsalar mafi yawan mutane a wannan yanki na auduga da hatsi. Ana auna girman ƙura da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma kaurin gashin kai yana wajen maikuron 50 zuwa 70. Ƙurar da ta haura maikuron 10 hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta, ita ce ke sa atishawa da baƙar majina. Wadda ke yin ɓarnar gaske ita ce ta ƙasa da maikuron 2.5, don tana gangarawa har cikin huhu. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata irin wannan ta wuce maikurogiram 15 (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska ba a matsakaicin yini. Masu aikin auduga suna da tasu cutar ta musamman: ƙirji ya ɗaure a ranar farko da aka dawo aiki bayan hutu, ya ɗan saki a tsakiyar mako, har a wayi gari ya daina saki. Masu fasa dutse kuma ƙurar silika ce ke taurara musu huhu, kuma wannan ba ya warkewa.

Mafi arahar maganin ƙura shi ne saikulon, wato dogon mazurarin ƙarfe da iska ke shiga ta gefe tana juyawa. Aikinsa kamar sheƙar hatsi ne: mai nauyi ya faɗi ƙasa, marar nauyi ya bi iska. Ba ya da yadi, ba ya da abin da ke juyawa a cikinsa, ba ya tsoron zafi, kuma duk mai waldan da aka ba shi awo daidai zai haɗa shi da falange. In ana maganar ɗorewa, babu kamarsa, shekara goma yana nan, in ya huje a yi masa faci. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba. Yana kama ƙaiƙayi da dusa da ɓawo sosai, amma ƙurar da ta gaza maikuron 5 mafi yawanta wucewa take yi.

Sau da yawa za ka ji mai walda yana nuna bakin bututu yana cewa, "Alhaji, duba da kanka, ai babu abin da ke fita." Da rana haka ne. A jira bayan isha'i, injin yana aiki, a haska tocila mai ƙarfi ta ratsa bakin bututun daga gefe. Za a ga hasken ya yi fari fat, ƙura tana tuttuɗowa a cikinsa. Wannan ita ce wadda yaran shago ke shaƙa. Saikulon shi kaɗai yana tsabtace tsakar gida ne da rufin maƙwabta. Don huhu sai an bi bayansa da jakunkunan yadi.

Jakunkunan yadi, in an girka su daidai, suna tare fiye da kashi 99 cikin ɗari na ƙura. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba yadin ne ke yin yawancin aikin ba. Ƙurar farko da ta kwanta a jikinsa ita ce ke zama matata ga wadda ke biyo baya. Shi ya sa sabuwar jaka ta fi tsohuwa zubar da ƙura a kwanakin farko, shi ya sa kuma wanke jaka da omo da buroshi kowane mako ɓarna ce. Girgizawa ake yi, kaurin ya zube, a bar ɗan abin da ya manne.

A nan ne zaɓin ya yi daɗin muhawara: auduga ko poliyesta? Zuciya tana karkata ga auduga, kuma da dalili. Ƙasar auduga muke, ga kamfanonin auduga nan, Sodecoton tana Garwa tun 1974, Cotontchad tana Mundu. Yadin auduga mai kauri tela zai ɗinka shi a kasuwa, in ya yage a yi masa faci, in ya ƙare ya ruɓe. Ba ya tara wutar gogayya, irin wadda ke tartsatsi a jikin bargo da hunturu, kamar yadda yadin roba ke yi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin garin hatsi. Amma iyakarsa wajen digiri 80 ne. Yana shan laima, don haka in Agusta ta zo gari ya jiƙe a jikinsa ya zama kunu, ya toshe, ya yi funfuna. Hayaƙi mai tsami yana cinye shi. Kuma yana kama wuta da tartsatsi ɗaya.

Poliyesta daga man fetur aka yi ta, shigo da ita ake yi, in ta ƙare ba ta ruɓewa. Duk da haka tana jure zafi har wajen digiri 135, ba ta shan ruwa, kuma irin wadda aka danne zarenta ba saƙa ba ta fi kama ƙananan ƙura. A aiki mai kyau takan yi shekara biyu zuwa huɗu. Maƙiyinta shi ne zafi da laima in sun haɗu, musamman da ƙura mai kaifi irin ta farar ƙasa, a nan zaren yakan rududduge. In zafi ya wuce haka, kamar a murhun siminti irin na Figil ko na Baware kusa da Pala, sai a koma yadin aramid mai jure wajen digiri 200 ko na zaren gilashi mai kaiwa 260. Wannan kuwa harkar manyan kamfanoni ce.

Ra'ayina: mai niƙa da mai ɓare gyaɗa da kafinta, waɗanda ƙurarsu busasshiya ce marar zafi, auduga ta ishe su, muddin jakunkunan suna ƙarƙashin rufi kuma akwai saiti na biyu da za a musanya da damina. Duk wanda iskarsa ke fitowa daga na'urar busarwa ko tukunyar tururi, ya sayi poliyesta, kada ya ji kunya. Jaka ɗaya da ta yi shekara uku ta fi jakar auduga shida da suka ƙone sauƙi ga ƙasa da aljihu. In poliyestar za ta yi aiki da garin hatsi, a nemi mai zaren da ke zubar da wutar gogayya, a kuma ɗaure jikin injin da waya zuwa ƙasa.

Kuskuren da ya fi yawa ba a irin yadin yake ba, a yawansa yake. Ga jakunkunan da ake girgizawa da hannu, kowace murabba'in mita ta yadi bai kamata ta ɗauki fiye da mita kubik 1 ta iska a minti ba. Fankar da ke jan mita kubik 3,000 a awa tana jan 50 a minti ke nan, to tana son yadi murabba'in mita 50 ko fiye. Jaka mai faɗin santimita 20 da tsawon mita 2.5 ba ta wuce murabba'in mita ɗaya da rabi da 'yan kai ba. Ke nan ana buƙatar jaka talatin da wani abu. Je ka ƙirga na injin unguwarku. In huɗu ne, iska tana tura ƙurar ne ta cikin zaren da ƙarfin tsiya, mota tana zafi, kuɗin wuta yana hawa. Irin matatar da ke karkaɗe kanta da bugun iska tana cin wuri kaɗan, amma tana son kwamfuresa da busasshiyar iska da wuta marar yankewa, ga bawuloli da ba a samunsu a kasuwar Marwa.

Akwai ƙaramar dabara da ba ta cin kuɗi mai yawa, wadda za ta nuna maka lafiyar jakunkunan. A samo tiyo mai garai-garai irin wanda magina ke ɗaukar lebur da shi, a lanƙwasa shi ya yi siffar ƙugiya mai baki biyu a sama, a kafa a jikin katako, a zuba ruwa mai ɗan shuɗi zuwa rabi. Baki ɗaya a haɗa da ɓangaren iska mai datti, ɗayan da ɓangaren da ta fito. In an tayar da fanka, ruwan gefe ɗaya zai sauka, na ɗayan ya hau. Tazarar santimita 5 zuwa 15 lafiya ce. In ta zarce, jakunkuna sun toshe, a girgiza. In ta faɗi kwatsam, wata jaka ta yage, a nemo ta. Yaron shago zai koyi karanta wannan a yini ɗaya.

Sai maganar wuta. Garin hatsi, sukari, garin katako da burbushin auduga, in suka cika iska a rufaffen wuri suka haɗu da tartsatsi, fashewa suke yi. A Fabrairun 2008 ƙurar sukari ta tarwatsa wata matatar sukari a jihar Jojiya ta Amurka, mutum 14 suka rasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ɗakin jakunkuna ya kasance a wajen gini, kuma kada a kuskura a haɗa bututun wurin walda ko wasa ƙarfe da na garin katako.

Yanzu ga mai fenti, mai ɗab'i, mai gam ɗin takalma. Nasu maganin sarrafaffen gawayi ne, kuma a nan ne ake yawan yaudara. Gawayin tacewa ba gawayin shayi ba ne da aka daka. Bayan an ƙona ɓawon, sai a sake gasa shi da tururin ruwa a zafin digiri 800 zuwa 1,000, ko a jiƙa shi da sinadari a gasa a ƙasa da haka, har cikinsa ya cika da ƙofofin da ido ba ya gani. Giram ɗaya na mai kyau, in da za a shimfiɗa bangon ƙofofinsa, zai kai murabba'in mita 1,000. Gawayin kasuwa bai kama ƙafar wannan ba. Duk mai sayarwa na gaske zai faɗa maka lambar aidin ta kayansa, wato ma'aunin yawan ƙofofin gawayin, kuma mai kyau yana wajen 900 zuwa 1,100. Wanda ya ce "ai mai kyau ne, patiro" bai ba ka lamba ba, wuce shi.

Iri biyu ne suka cika kasuwar duniya, na kwal da na ɓawon kwakwa. Na kwakwa daga Siri Lanka, Indiya, Filifin da Indunusiya yake zuwa. Ya fi tauri, ba ya saurin zama gari, tokarsa kaɗan ce, ƙofofinsa ƙanana ne da suka dace da tururin tina da fetur, kuma daga sharar gona aka yi shi ba daga ramin haƙa ba. Na kwal yana da manyan ƙofofi, yakan fi dacewa da wasu ayyukan tace ruwa. Ga iska, na kwakwa nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba.

To namu fa? Ƙwallon goruba da na aduwa suna da taurin da ake nema, kuma masu bincike sun gwada su, da ɓawon gyaɗa da karan auduga, sun sami gawayi mai kyau. Amma mafi yawan gwajin a kan tace ruwa aka yi shi, a ɗakin bincike, da 'yan giram. Ɓawon gyaɗa yana ba da gawayi mai taushi da fanka za ta niƙe. Ɓuntun shinkafar Yagwa kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar nasa toka ce, mafi yawanta silika. Sana'a ce da ke jiran mai jari ya gina murhun tururi na gaske, kuma ya sani tun farko cewa tan ɗaya na ɓawo ba zai ba shi fiye da wajen kilo 100 zuwa 150 ba. Kafin a sami wannan mutum, kada mai garaji ya jingina lafiyar yaransa da gawayin da aka gasa a duro a bayan gida.

Ko na kwakwar ma, yanayinmu ba ya yi masa adalci. Gawayi ya fi riƙo a sanyi, in iska ta haura digiri 40 ƙarfinsa yana raguwa, har yakan saki abin da ya kama da safe. Laimar iska in ta wuce kashi 50 cikin ɗari tana cika ƙofofin da ruwa. Ƙurar hunturu da feshin fenti suna like fuskarsa, don haka dole a sa masa matatar ƙura a gaba. Wasu sinadarai irin asiton suna iya sa shi ya yi zafi har ya kama wuta da kansa, musamman in an kashe fanka yana ƙoshe. Ga kuma lissafin da dillali ba zai yi maka ba: kilo 100 na gawayi yakan riƙe wajen kilo 10 zuwa 20 na tururi kafin ya ƙoshi. Garajin da ke fesa kilo 2 na tina a rana zai cika shi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Shanya shi a rana ba ya dawo da shi. Sabunta shi sai da na'urori na musamman, aikin manyan kamfanoni. Saboda haka mai fenti ya fara rage tinar tukuna: rufe gwangwani, bindigar feshi mai ƙaramin ƙarfi da ba ta watsa rabin fenti a iska, fenti mai ruwa inda aikin ya yarda. Abin da ya rage shi za a ba gawayi. A kuma sani, gawayi ba ya kama gubar hayaƙin janareta, wadda ke kashe mutane a barci. Ita maganinta bututu ne zuwa waje.

Ziyolait, wani dutse mai ƙofofi, yana da fifiko biyu: ba ya cin wuta, kuma na haƙa yana kama warin amoniya, shi ya sa masu kiwon kaji ke barbaɗa shi. Irin wanda ke kama tina kuwa na masana'anta ne mai tsada, ana yin sa don manyan wuraren fenti. Mai garaji ya manta da shi.

Ga wari, na mayanka, na majema, na wurin sarrafa kifi, ina ganin babu abin da ya dace da mu kamar gadon taki. Rami ne ko akwatin siminti, a shimfiɗa bututu masu huji a ƙasa, a tara cakuɗen taki da guntayen itace ko totuwar masara ko yankakken karan auduga, zurfin mita 1 zuwa 1.5, a tura iskar ta ƙasa. Ƙwayoyin halittar da ke zaune a jikin takin su ne ke cinye warin. Jamus da Holan sun daɗe suna amfani da shi. Ba ya ƙoshi kamar gawayi, ba a sayo komai daga Duwala, bayan 'yan shekaru a kwashe a zuba sabo. Iskar tana son ta yi daƙiƙa 30 zuwa 60 a ciki, don haka waccan fanka mai mita kubik 50 a minti za ta so fili wajen mita 6 sau 6. Fili kuwa muna da shi.

Abin da yake nema shi ne kulawa irin ta mai lambu. Takin ya kasance da danshi koyaushe, in ka damƙa ya dunƙule ba tare da ruwa ya ɗiga ba. Busasshiyar iskar Maris za ta busar da shi cikin 'yan kwanaki, ya tsattsage, wari ya bi ta tsagar ya fita, ƙwayoyin su mutu, kuma sai an jira makonni kafin su dawo. Dole a yi masa rumfa, a jiƙa iskar kafin ta shiga, a daɓe ƙasan da siminti saboda gara. Wanda ke bakin Binuwai ko Shari ko Logon, ko yake da rijiyar burtsatse, wannan nasa ne. Wanda ke sayen ruwa a jarka a gindin duwatsun Mandara ya yi lissafi sau biyu.

Matatar ruwa, wadda ake fesa wa hayaƙi ruwa a cikin hasumiya, ita ce ta hayaƙi mai tsami da ƙura mai zafi ko mai danƙo. In aka dama farar ƙasa a ruwan, wadda yankin Figil ke da ita, tana kashe tsamin. Amma tana shan ruwa, tana son famfo, tana cin ƙarfe, kuma dattin bai tafi ko'ina ba, ya dai koma taɓo. In za a zubar da shi a mayo ne, wato rafi, ya gangara wa masu lambun albasa, gara ba a fara ba. Masu narka tsohon batir don dalma kuwa, babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da zai mayar da aikinsu mai lafiya a tsakiyar unguwa.

Sharar sauran ma tana son tsari tun kafin a sayi kaya. Dusa da garin hatsi abincin dabbobi ne, amma ƙurar gyaɗa mai funfuna ba a ba dabba. Garin katako da ɓawo a dunƙula su a yi makamashi. Gawayin da ya ƙoshi da tina shi ne mai haɗari, don kamanninsa bai canja ba, yaro zai iya kwasa ya kai wa mai shayi ko mai tsire. A zuba shi a duro mai murfi, a rubuta a jiki, a ajiye a inuwa nesa da wuta. A ƙasashe da dama murhun siminti ne ke ƙone irin wannan shara, don zafinsa yana kaiwa digiri 1,450. Duro ɗaya ba zai sa a saurare ka ba, amma in masu fentin gari suka tara nasu ta hannun ƙungiyarsu, suna da abin da za su je su yi magana a kai da kamfanin siminti da ofishin muhalli na jiha.